Saje da Boren Bakin Gulbi

A bakin wani mai tuyar gurasa na ji kalmar da ta jawo mini duk wannan tunani.

A farkon kullen korona ne, a nan Kuala Lumpur inda nake karatun digiri na uku. An ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita daga kowane gida ya sayo abinci, ranar kuma maigidana ba ya jin daɗi, sai na ɗaura takunkumi na fita. Titin Masjid India, wanda a da sai kana raɓe-raɓe tsakanin masu sayen yadi da hijabi, ya zama wayam. Shaguna a garƙame, sojoji tsaye a mararraba. Na bi layi a wani ɗan kanti da ake yin tapau, wato a ƙunshe maka abinci ka tafi da shi gida, tunda an hana zama a ci. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu. Mai tuyar, wani dattijo ɗan ƙasashen Indiya mai jan gemu, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daka wa abokin aikinsa tsawa: "Jaldi, jaldi!"

Na san za ka ce ai duk mai kallon fina-finan Indiya ya san ma'anarta maza-maza. Haka ne. Amma ni tun kafin in taɓa ganin talabijin na san ta, kuma ranar ba a fim na ji ta ba. A muryar tsoho na ji ta, ga hadari a sama, daidai yadda kakana yake faɗin ta idan ruwa zai sauko ga shanya a tsakar gida. Na karɓi ƙullina na koma gida, amma zuciyata ta riga ta tafi ƙauyenmu.

Gidanmu shi ne na ƙarshe ta wajen gulbi. Gida ne babba, sassa da yawa, rumbuna a jere a bayan turken awaki, ga wata tsohuwar tsamiya a ƙofar zaure. Kakana na wajen uba shi ne mai gidan. Dogo ne, baƙi, siriri, kuma har ya bar duniya bai ranƙwafa ba. Gari na ce masa Saje, mu jikoki mu ce Tsoho. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Wannan ya sa nake shiga inda sauran yara ba sa shiga. Ni kaɗai nake zama a gefen buzunsa yana tufkar igiyar rama, in yi ta surutu bai kore ni ba.

Halinsa ba irin na sauran tsofaffin garin ba ne. A gidanmu ba a yar da fartanya inda aka ga dama, kowace tana da wurinta a jikin katanga. Idan aka kawo masa tuwo ba ya buɗe akushi sai ya tambaya ko yara sun ci, mata sun ci, ko akwai baƙo a zaure. Shinkafa kuwa ko ranar Salla ba ya taɓawa, yakan ce ya cinye rabonsa na duniya tun a ƙasar Bama, inda aka kai shi yaƙi. A ƙwaurinsa akwai tabbai baƙaƙe zagayayyu, har zuwa gwiwa. Da na tambaya ya ce matsattsaku ne, suna shiga ta ramin igiyar takalmi, ba ka sani ba sai sun ƙoshi.

Da damina ce bakinsa ke buɗewa. Idan ruwa ya tsuge, indararo na zuba, kaji sun fake ƙarƙashin rumbu, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika zaure, sai ya leƙa waje ya yi murmushi.

"Wannan kuke kira ruwa, Uwata? Ai yayyafi ne."

Ina jin haka nakan ɗauka cika baki ne irin na tsofaffi. Sai da na zauna a wannan ƙasa, na ga ruwan da ke sauka kamar an kifar da randa, ka dubi benen da ke tsallaken titi ka kasa ganin sa, sannan na nema masa gafara a raina. Bama ba ta da nisa da nan. A irin wannan ruwan ya kwana ya tashi, da kaya a ka.

Labarin nasa ban ji shi a zama ɗaya ba. Guntu-guntu na tara shi, wani daga bakinsa, wani daga bakin kakata, wani kuma daga wani abokinsa da suka je yaƙin tare, wanda ake kira Kofur. Shi Kofur kunnensa ɗaya ya mutu, yana magana da ƙarfi kamar mai faɗa, kuma duk ranar kasuwa sai ya ƙetaro gulbi ya yini a zaurenmu.

Lokacin yaƙin duniya na biyu, Turawa sun ce kowane dagaci ya kawo samari. Masu hali suka ɓoye nasu. Kakana maraya ne, shi kaɗai uwarsa ta haifa, ita kuma daddawa take sayarwa, ba ta da wanda zai tsaya mata a gaban dagaci. Shi aka fara nunawa. Ya ce ta biyo su har bakin gulbi da ɗan ƙullin ƙuli-ƙuli, ba ta yi kuka ba, ta dai ce masa ya riƙe salla. Daga nan sai jirgin ƙasa, sai Ikko, sai jirgin ruwa da ya yi ta amai a ciki har ya yi zaton hanjinsa zai fito. Suka sauka Indiya, aka horar da su, aka tura su dajin Bama.

Ba bindiga aka fara ba shi ba, dako aka sa shi. Dajin ya fi ƙarfin mota, wani wurin ko alfadari ba ya bi, sai kan mutum. Akwatin harsashi yake ɗauka, yana hawa tsauni yana gangarawa cikin taɓo. Sai da mutane suka ragu aka miƙa masa bindiga, daga baya aka ɗaura masa igiyar muƙami, har ya zama saje.

Ka sani, a zamanin idan Bature zai wuce ta garinmu, tun daga nesa ake zubewa ƙasa. Akwai masu cewa ba sa ciwo, ba sa zagayawa bayan gida. Da wannan tunanin kakana ya tafi. To a can aka ba su wani hafsa Bature, yaro ne sabon jini, atini ya kama shi a tsakiyar daji. Ya rame, ya kasa tafiya, yana kuka yana kiran uwarsa. Kakana ne ya goya shi a baya, shi ne kuma yake gyara shi idan ya ɓata jikinsa. Da yake ba ni wannan labarin sai ya ajiye igiyar da yake tufka, ya rage murya kamar zai faɗi asiri.

"Na wanke wa Bature kashi, Uwata. Irin namu ne sak. Har warin."

Na yi ta dariya har da faɗuwa, shi ma ya dara. Sai da na girma na gane ba don dariya kawai ya faɗa ba. Tun daga ranar wani abu ya fita daga ransa, kuma bai sake komawa ba. Ya ce yaron ya rayu, kuma shi bai taɓa ƙin sa ba, don mutumin kirki ne. Tsoron ne kawai ya tafi.

Akwai kuma wani kuku Ba'indiye da suka saba da shi a sansani, suna hira da guntun Turancin bariki da nuni da hannu. Wata rana kukun ya nuna tantin hafsoshi da ludayi, ya ce su kam sun kusa sallamar waɗannan daga ƙasarsu, sannan ya tambayi kakana, ku fa, sai yaushe? Kakana ya ce dariya ya yi, don a ganinsa kamar a ce za a sallami rana ne daga sama. Amma tambayar ta bi shi har gida.

Abin da ya faru a bakin wani kogi kuwa, wanda shi ne ya mai da shi shugaba, bai taɓa ba ni da bakinsa ba. Kofur ne ya faɗa, shi kuma Tsoho yana ta tufkarsa kamar ba da shi ake ba. An yi musu kwanton ɓauna, hafsan da ke tare da su, ba yaron nan ba, ya mutu, waɗanda suka tsira suka tarar da kogi a gabansu ya cika ya batse, abokan gaba kuma na neman su a baya. Wasu suka ce a faɗa ruwa, wasu suka ce a juya a mutu da faɗa. Kakana ya ce kowa ya zauna. Ya tattara ɗan abincin da ya rage ya raba, ya sa aka sari gora a hankali aka ɗaɗɗaure, ya ce masu rauni ne za su fara ƙetarewa, kuma kada wanda ya kuskura ya yi harbi. Ana cikin ƙetarewa, wani saurayi da tsoro ya ci ƙarfinsa ya ga motsi a ciyawa ya danna kunama. Harbin nan guda shi ya nuna inda suke. Aka yi musu ruwan wuta, mutanen da ke tsakiyar kogi ba su kai gaɓa ba, a nan kuma Kofur ya rasa kunnensa. Kakana ne na ƙarshen ƙetarewa, kuma da wannan saurayin ya ƙetare, yana riƙe da wuyan rigarsa.

Da Kofur ya kai nan sai Tsoho ya ɗago. "Mai bindiga guda ya kashe mana mutanen da abokan gaba suka kasa gani," in ji shi, ya ci gaba da aikinsa.

Da yaƙi ya ƙare ya dawo gida, ya tarar da ɗakin uwarsa ya rushe, kabewa ta yaɗu a kai. Ta rasu tun yana can, ba wanda ya sanar da shi. Aikin da aka yi musu alkawari bai samu ba. Da ya je gaida dagacin nan da ya ba da shi, aka ce ya tuɓe takalmi ya durƙusa. A cewar kakata, ya tuɓe ɗin, ya kuma durƙusa. Ya gyara gidan, ya koma gona, ya aure ta, aka haifa musu ɗa namiji, wan babana ke nan.

Daga nan labarin na kakata ne. Ita gajeriya ce mai kaifin baki, kuma tana ba da labari ne tana kaɗin auduga, mazari na juyawa, ba ta kallon ka. Ta ce a shekarun nan akwai aikin tilas. Ana gina hanyar da motocin gyaɗa za su bi a tsallaken gulbi, kuma dogaran hakimi ba sa zuwa diban mutane sai gero ya tsiro, daidai lokacin noman firi. Wata shekara aka kwashi mazan garuruwan bakin gulbi, har da kakana, ba a sako su ba sai da ciyawa ta shanye gonaki. Aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin wata damina ta zagayo rumbuna sun zama fayau, ana dafa ganye ana ci. A wannan yunwar ɗan nan nasu ya rasu, yana fara tafiya.

"Ko hawaye bai yi ba," in ji kakata. "Ya dawo daga maƙabarta, ya jawo takalman nan nasa na soja daga ƙarƙashin gado, ya zauna yana shafa musu man kaɗe. Na ce, Malam, ina za ka? Ya ce ba inda za shi, kuma bana ba inda kowa zai je."

Ya bi abin a hankali, yadda aka koya masa. Shi da Kofur suka riƙa bin kasuwanni, suna neman tsofaffin sojoji a kowane ƙauye na bakin gulbin, don kusan ko'ina akwai wanda aka taɓa ɗauka. Kowane tsohon soja ya ba shi mutanen garinsu. Da sunan gayya suke taruwa a fadama, yana koya wa manoma tsayuwa a sahu, da yin shiru, da jin umarnin murya ɗaya. Ya je wurin sarkin ruwa ya shawo kansa, cewa ranar da za a bukata duk kwalekwalen gulbin za su kwana a gaɓarmu. Ya ce ragowar hatsi da yara da tsofaffi a kai su kan dutsen da ke bayan gari, ya damƙa wannan a hannun kakata. Ta ce ita ta riƙa shiga gida-gida da sunan barka ko gaisuwar mara lafiya, tana shirya mata.

Inda aka kusa rabuwa shi ne maganar makami. Ya ce ba baka, ba wuƙa, ba gora, fartanya kawai. Akwai wani maharbi da ake shakka a yankin, wanda shi ma ya binne 'ya a yunwar, ya miƙe a gaban jama'a.

"Saje, kai da ka je yaƙi kake ce mana mu tsaya hannu rabbana kamar tumaki?"

"Don na je nake faɗa," in ji kakana. "Ka harbi dogari ɗaya, jibi a kawo bindigar da ke magana ba ta numfashi. Na gan ta da idona, ta gama da garin nan kafin tuwo ya nuna. So suke mu ba su dalili. Ba za mu ba su ba."

Maharbin ya yi ta huci, amma ya rataye bakansa a ɗaki.

Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, gulbi ya kawo. Wata safiya dogarai suka bayyana a tsallake da igiyoyinsu. Suka yi ta kiran kwalekwale, ba wanda ya amsa. Suna hangen mutane a gonaki suna noma, amma ko ɗago kai ba a yi ba. Da rana ta take suka juya. Bayan 'yan kwanaki suka dawo, wannan karon da 'yan doka masu bindiga, da wakilin hakimi, da Baturen Di'o kansa.

Kakana ya aika musu da kwalekwale ɗaya, mafi ƙanƙanta. Ka ga dabarar: komai yawansu, mutum kaɗan ne za su iya ƙetarowa. Di'o ya shigo da wakili da dogari guda da ɗan doka. Da suka hau gaɓa suka tarar da mazan garuruwan nan kaf a tsaye sahu-sahu, kowa da fartanya a kafaɗa, tsohon soja a bakin kowane sahu, tsit kamar ba mutane. Kakata ta ce daga kan dutse suna hangen su, ta ce ba ta taɓa sanin mazajensu suna da yawa haka ba. Kakana yana gaba da takalmansa.

Dogarin ya daka tsawa, ya ce a faɗi a yi gaisuwa. Ba wanda ya motsa. Kakana ya haɗa dugadugai ya sara wa Baturen irin ta soja, yana duban tsakiyar idonsa. Ya yi magana da Hausa don jama'a su ji, ya maimaita da Turancin bariki. Ya ce ba su ƙi hanya ba, su ma za su bi ta. Amma ba za a sake ɗaukar mutum daga gona da damina ba. A bari sai an shigar da amfani, a zo ba da igiya ba, a kuma ciyar da masu aiki. Ya ce bara sun binne 'ya'yansu saboda wannan hanya, bana ba za su binne ba.

Wakilin hakimi ya harzuƙa. Dogarin, don ya nuna aiki, ya zabga wa Kofur bulala a fuska, jini ya zubo. Sahu ya girgiza, aka ji guna-guni ya tashi, maharbin nan ya sauke fartanya daga kafaɗa ya tako gaba. Ɗan dokan ya ɗaga bindiga. Kofur ya ce a wannan lokacin ya ga mutuwa ta fi kusa da yadda ya gan ta a Bama. Kakana bai ko waiwaya ba, ya buga tsawa guda irin ta fareti, wadda aka ji har kan dutse. Kowa ya ƙame. Maharbin ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba, sannan ya koma sahu. Kofur ya miƙe tsaye, jini na ɗiga a rigarsa, bai share ba.

Baturen ya daɗe yana duban su. Ya sa ɗan dokan ya sauke bindiga. Ya tambayi kakana a wace runduna ya yi aiki, kakana ya faɗa masa. Daga ƙarshe ya ce za a ɗage aikin zuwa bayan girbi, amma ba a tara jama'a a tare wa hukuma hanya a kwana lafiya, dole wanda ya shirya abin ya bi su. Kakana ya miƙa wa Kofur fartanyarsa, ya ce kowa ya koma gona, ya taka da ƙafarsa ya shiga kwalekwalen.

An yi masa bulala a ƙofar hakimi a gaban jama'a, aka ɗaure shi. Bai ga girbin shekarar ba, bai ga na bayanta ba. Amma gonarsa ba ta yi ciyawa ba, garuruwan nan suka riƙa nome ta bi da bi. Kuma tun daga wannan shekarar ba a sake ƙetaro gulbinmu da igiya da damina ba. Da ya fito, sai mutane daga ƙasashen wasu hakimai suka riƙa zuwa zaurenmu suna tambayar yadda aka yi. Ya shiga gwagwarmayar talakawa ta zamanin, an sake kama shi, an sake dukan sa, bai fasa ba.

Na taɓa tambayar sa ko bai ji tsoro ba ranar. Ya ce, "Gwiwata rawa take yi kamar mazarin kakarki. Me kike zaton ya sa ake ɗinka wa soja wando mai faɗi?"

Kada ka ɗauka zama da shi daɗi ne. Babana ya ce bai tuna ranar da suka zauna suka yi hira irin ta ɗa da uba ba. Umarni ne kawai, sai duba aiki, sai horo idan an yi kuskure. Idan ya shigo gida 'ya'yansa watsewa suke yi. Kakata takan ce Turawa sun ɗauki yaro mai wasa da dariya, suka dawo mata da ƙarfe, kuma sai da aka haifi jikoki ƙarfen ya fara laushi. Abin da ya amfani garuruwa da shi, da shi ya takura wa gidansa. Ni na sami sanyinsa, babana ya sami zafinsa, kuma dukanmu gaskiya muke faɗa a kansa.

Tsoho ya rasu da kaka, ana ɗaurin gero, ina 'yar makarantar sakandare. Masu kwalekwale suka yini suna jigilar tsofaffin da ban taɓa gani ba. Kofur ya zauna a gindin tsamiya, karon farko da na gan shi ya yi shiru.

Korona ta riƙe mu a ƙasar nan fiye da yadda muka zata. Ba jirgi, ba zuwa gida, sai waya. A damina ta biyu ta kullen ƙanena ya kira ni. Malamin firamare ne, shi ke riƙe da gidan yanzu. An yi wa gulbinmu gada, abin da muka yi ta murna a kai, to ta kanta mutanen daji, 'yan bindiga, ke ƙetarowa a kan babura. Ya ce sun aiko wa garuruwan da ke gaba da mu cewa a ba su maza su nome musu gonaki, kuma duk wanda suka tsinta shi kaɗai a gona tafiya suke yi da shi. Mutane sun fara barin shuka.

"Yaya," in ji shi, "ke kika fi kowa zama da Tsoho. Yaya ya yi?"

Ina tsaye a barandar bene, ina hangen fitilun unguwar Titiwangsa da titi ba kowa, na ba shi duk abin da na ba ka. Sannan na faɗa masa abin da ke raina. Tsoho ya san wanda ya tsaya a gabansa, mutum ne mai ofis, mai na gaba da shi, mai gudun a ce an zubar da jini a ƙasarsa. Waɗannan kuwa ba su da wanda za su amsa wa tambaya. Na ce kada ya jera mutane a gaban bindigarsu.

Ya ce ya sani, ba wannan yake nema ba. Yadda aka haɗa kan garuruwa yake son ji, wa aka fara zuwa wurinsa, yaya aka yi da masu zafin kai.

Abin da suka yi ke nan. Suka bar gonakin nesa, suka haɗa kai da garuruwan maƙwabta, suka daina fita ɗaiɗai. Kowace rana gaba ɗaya suke faɗa wa gona guda, da masu tsaro a kan dutse, idan an hangi ƙura a buga ganga kowa ya koma gari. Samarin da ke son zuwa daji ramuwa, ƙanena ya yi ta fama da su. Ba a tsira duka ba, an rasa mutane a wani gari, kuma har yau ba a ce an gama ba.

Abubuwa sun sauya fiye da yadda Tsoho zai gane. A zamaninsa baƙo ne da sarakuna ke diban manomi daga gona, yau 'ya'yan ƙasar ne, wasunsu tare aka yi kiwo da su. Jikarsa na zaune a gabashin duniyar da aka kai shi da ƙarfi, ita da ƙafarta ta zo neman ilimi, 'ya'yanta kuma idan ta yi musu Hausa da Turanci ko Malayanci suke amsawa. Nakan ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban yanke ƙauna da mutanen bakin gulbin nan ba, don na san abin da suke iyawa idan suka tsaya wuri ɗaya.

Bayan girbi ƙanena ya sake kira. Ina jin hayaniya a bayansa, jakuna na kuka, mata na guɗa, wani na cewa a miƙo dami. Na tambaye shi yaya aka ƙare.

"Ba mu kai Tsoho ba, Yaya," in ji shi. "Amma mun shigar da gero."